Ƙawanyar Kut, 1915 zuwa 1916: Yadda Turkawa Suka Kama Rundunar Ingila Sukutum a Bakin Kogin Dijla

Ranar 29 ga Afrilu 1916 Manjo Janar Charles Townshend ya miƙa wuya ga sojojin Daular Usmaniyya a Kut al-Amara, wani ƙaramin gari na ginin tubali da ke bakin kogin Dijla, kimanin kilomita 160 kudu maso gabas da Bagadaza. Mutum sama da 13,000 ne suka faɗa hannun Turkawa a ranar, bayan ƙawanya ta kwana 147. Kafin nan, rundunar da aka tura ta cece su ta yi asarar mutum kimanin 23,000, tsakanin matattu da masu rauni, kuma ko ƙofar garin ba ta taka ba. Waɗanda aka zubar a hanyar ceto sun kusa ninka waɗanda aka je ceto.

Mafi yawan waɗanda ake kira sojojin Ingila a wannan labari Indiyawa ne: Musulmi, da mabiya addinin Hindu, da Sikh, da Gurkha daga Nepal, ga kuma dubban masu ɗaukar ruwa da masu dafa abinci da masu kiwon alfadarai da ba su taɓa riƙe bindiga ba. Su ne suka biya kuɗin shawarar da wasu manya suka yanke daga nesa, manyan da suka raina sojan Turkiyya kuma ba su zauna sun ƙirga jiragen ruwansu da buhunan hatsinsu ba.

Yadda aka wuce inda aka nufa

Da Daular Usmaniyya ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a ɓangaren Jamus a ƙarshen 1914, damuwar Ingila a wannan yanki guda ce: matatar mai ta Abadan da ke ƙasar Farisa, daf da bakin teku. Jiragen ruwan yaƙin Ingila sun fara barin kwal suna komawa mai, kuma a wannan shekarar gwamnati ta sayi kaso mafi tsoka na kamfanin da ke haƙo shi. Aka turo runduna daga Indiya, ta sauka a Fao ranar 6 ga Nuwamba, kafin watan ya ƙare ta kama Basra. Aikin da ya kawo su ke nan, kuma ya kammala.

Sai dai ragamar yaƙin tana hannun gwamnatin mulkin mallaka ta Indiya, wadda ta riga ta tura gwanayen sojojinta Faransa, ga ta kuma da maƙo. A Afrilu 1915 Janar Sir John Nixon ya karɓi shugabancin rundunar. A watan ne aka fatattaki Turkawa a Shu'aiba, har kwamandansu Sulaiman Askari ya kashe kansa. Daga nan nasara ta riƙa bin nasara. Townshend, da ke ƙarƙashin Nixon, ya kama Amara ranar 3 ga Yuni da 'yan tsirarun mutane a cikin ƙananan jirage, aka kama Nasiriyya a Yuli, aka kori dakarun kwamandan Turkawa Nuruddin Bey daga Kut a ƙarshen Satumba. Duk garin da aka kama sai a ce ba zai tsaru ba sai an kama na gabansa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wahalar kuwa tana kwance a cikin kogin. Daga Basra zuwa Kut ta ruwa kimanin kilomita 600 ne na kwane-kwane. Babu layin dogo, babu titi. Da rani ruwan Dijla yakan janye har jirgi ya kafe a yashi, idan kuma ƙanƙarar duwatsun arewa ta narke wajen Maris da Afrilu sai ya cika ya malale fili. Jiragen da za su iya bin irin wannan ruwa kaɗan ne. Ita kanta Basra ba ta da tashar kirki, manyan jirage sukan yi makonni a tsakiyar ruwa suna jiran kwale-kwale su kwashe musu kaya. An nemi a shimfiɗa layin dogo, gwamnatin Indiya ta ƙi saboda kuɗi. Kowane harsashi, kowane buhun gari, kowane majinyaci, ta wannan ruwa zai bi.

Townshend ya ga haɗarin. A farkon Oktoba ya shaida wa Nixon cewa tunkarar Bagadaza da runduna guda, wadda zafi da zazzaɓi suka riga suka rage, ganganci ne. Nixon bai saurara ba. A Landan kuwa ana neman abin wanke fuska, domin yaƙin Gallipoli ya cije, Turkawa sun tsare sojojin ƙawance a bakin teku sun hana su motsi. Ranar 23 ga Oktoba aka ba Nixon izinin ci gaba idan ya gamsu ƙarfinsa ya isa, tare da alkawarin ƙarin runduna biyu daga Faransa. Ya ce ya gamsu.

Mada'in

Inda aka gwabza wuri ne da mai karatun tarihin Musulunci ya sani. Turawa na kiransa Ctesiphon, mu kuwa Mada'in muka sani, babban birnin Kisra da Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya ci a zamanin Sayyidina Umar. Katafaren bakan ginin fadar Kisra na tsaye a filin, kuma kusa da shi kabarin Salmanul Farisi yake, abin da ya sa ake kiran garin Salman Pak. Wasu daga cikin Musulmin Indiya ransu bai kwanta da harba bindiga a gefen kabarin sahabi ba.

Ranar 22 ga Nuwamba 1915 Townshend ya auka da mutum kimanin 11,000 kan dakarun Nuruddin su kimanin 18,000, waɗanda suka shafe makonni suna haƙa ramuka layi biyu. Cikinsu akwai sababbin rundunoni daga Anatoliya, ƙwararru, daban da waɗanda aka saba kora a kudu. An kama layin farko, na biyu ya gagara. Cikin kwana uku Townshend ya rasa mutum kimanin 4,500, wato huɗu cikin kowane goma. Turkawa ma sun ji jiki ƙwarai, har Nuruddin ya fara janyewa, sai labari ya iske shi cewa abokan gaba ma janyewa suke yi. Ya juyo ya bi sawunsu.

Tanadin da aka yi wa masu rauni na mutum 500 ne kacal. Aka riƙa loda su a amalanken alfadarai masu ƙafar ƙarfe, ana girgiza karyayyun ƙasusuwa a kan busasshiyar ƙasa har bakin kogi. Daga nan aka jibge su a saman jirage da kwale-kwalen kaya, ba rumfa, ba isassun likitoci, ga sanyi, ga atuni. Wasu sun yi kusan mako biyu a haka kafin su kai Basra, kwance cikin ƙazantarsu. Rahoton da aka aika Landan ya ce an kwashe majinyata lafiya lau.

Cikin gwiwar kogi

Ranar 3 ga Disamba ragowar rundunar ta shigo Kut a galabaice. Townshend ya yanke shawarar tsayawa nan, Nixon ya amince. Hujjarsa ita ce mutanensa sun gaji, akwai kaya jibge a garin, kuma wanda ya riƙe Kut ya tare wa Turkawa hanyar gangarawa Basra. Yana kuma da tarihi: a 1895 an yi masa ƙawanya a Chitral, a kan iyakar arewacin Indiya, ya jure har aka cece shi, sunansa ya fito. Shi ne kuma ya jagoranci wata bataliyar sojojin Sudan a yaƙin Omdurman a 1898. Mutum ne da ya yarda da sa'arsa.

Kogin ya zagaye Kut ta ɓangare uku, ta arewa kaɗai ake shiga ta ƙasa, tamkar jaka mai baki ɗaya. Wuri ne mai sauƙin tsarewa, mai wuyar fita. Townshend ya sallami mahaya dawakai suka yi kudu, ranar 7 ga Disamba Turkawa suka rufe bakin, bayan kwana biyu kuma ya sa aka lalata gadar kwale-kwale da ta haɗa garin da ɗaya gaɓar. Ya so ya kori mazauna garin, Larabawa kimanin 6,000, amma Sir Percy Cox, babban jami'in siyasa na rundunar Ingila, ya nuna masa mata da yara za su halaka a sanyin hamada, sai aka bar su.

Nuruddin ya gwada shiga da ƙarfi. Hari mafi tsanani shi ne na 24 ga Disamba a kan wata ganuwar ƙasa da ke kusurwar arewa maso gabas, inda aka yi ta faɗa gaba da gaba har dare, Turkawa suka koma da asara mai yawa. Babban kwamandan dakarun Usmaniyya a Iraƙi a lokacin wani dattijon Bajamushe ne, Colmar von der Goltz, wanda ya daɗe yana horar da sojojin Turkiyya. Daga nan aka sauya dabara: a bar 'yan kaɗan su tsare Kut, a kai mafi yawan ƙarfi ƙasan kogi a tare masu zuwa ceto, yunwa ta yi sauran aikin. A Janairu 1916 Halil Bey, baffan Enver Pasha ministan yaƙi, ya karɓi jagorancin fagen daga Nuruddin.

Lissafin hatsi

A nan ne, a ganina, laifin Townshend ya fi nauyi. Yana da na'urar aika saƙo ta iska, kullum yana magana da Basra. Tun farko ya riƙa nuna cewa abincinsa ba zai daɗe ba, yana matsa lamba a zo da wuri. A tsakiyar Janairu ya ce abin da ya rage bai wuce na mako uku ba. Amma duk tsawon wannan lokaci bai sa an bincika gidaje da rumbunan garin ba, bai rage rabon abinci yadda ya kamata ba, bai kuma sa dawakai da alfadarai kimanin 3,000 da ke hannunsa cikin lissafi ba. Kut kuwa garin 'yan kasuwar hatsi ne.

Saboda waɗannan saƙonni, Janar Fenton Aylmer ya taso da rundunar ceto tun kafin ta haɗu. Sojojin da aka kwaso daga Faransa suna isowa gutsi-gutsi, wasu ba igwoginsu, wasu asibitocinsu na tafi-da-gidanka na can baya a teku. A Shaikh Sa'ad, daga 6 zuwa 8 ga Janairu, aka rasa mutum kimanin 4,000. A Wadi, ranar 13, kimanin 1,600. Ranar 21 aka zo Hanna, wani matsatsin fili tsakanin kogi da wata babbar fadama, inda babu ta zagayawa, dole a fuskanci bakin bindiga. Ruwan sama ya sauko, ƙasa ta zama taɓo, bindigogi suka toshe da laka. Aka rasa kimanin 2,700, masu rauni da yawa suka kwana a fili sanyi ya ƙarasa su.

Bayan Hanna ne aka shiga gida-gida a Kut, aka tono sha'ir da alkama masu yawa da mutane suka ɓoye. Kwanaki kaɗan sai ga saƙo daga Townshend cewa zai iya jurewa kwana 84. Da wannan adadi ya iso Basra a farkon Disamba, da Aylmer ya samu sararin tara runduna da igwogi da likitoci ya zo sau ɗaya da ƙarfinsa. Mutum sama da 8,000 aka zubar cikin mako biyu a kan lissafin da ba a yi da kyau ba.

Dama mafi kyau ta zo ranar 8 ga Maris. Aylmer ya tafi da mutum kimanin 20,000 cikin dare ta ɗaya gaɓar kogin, suka ratsa hamada ba fitila ba hayaniya, suka nufi wani tudu mai ramukan tsaro da ake kira Dujaila. Gari na wayewa masu leƙen asiri suka ga wurin kusan fayau, masu gadi 'yan kaɗan ne. Maimakon a ruga a hau, Janar Kemball, ɗaya daga cikin kwamandojin Aylmer, ya tsaya kan tsarin da aka rubuta: a jira igwa ta yi luguden wuta tukuna. Ƙarar igwar ce ta farkar da Turkawa. Cikin sa'o'in da aka ɓata, kwamandan Turkawa Ali Ihsan Bey ya kwararo da dakaru ya cika ramukan. Da yamma wasu sojoji sun kutsa cikin tudun, aka fito da su da gurneti. Aka koma inda aka fito da asarar mutum kimanin 3,500. Aka sauke Aylmer, aka ɗora Janar George Gorringe, shi ma ya yi ta karo da ramukan Turkawa na Sannaiyat, a bakin kogin, a Afrilu cikin ambaliya, na ƙarshe ranar 22, bai wuce ba.

Sojan Usmaniyya ya cancanci a faɗi gaskiya a kansa. Shi ma yana fama da yunwa da ƙarancin takalmi da annoba, hanyar kayansa daga Istanbul ta fi ta Ingila tsawo, layin dogon bai ma haɗe ba a duwatsun Taurus da Amanus. Amma gwani ne wajen haƙa rami da riƙe shi. Von der Goltz kansa zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ne ya kashe shi a Bagadaza ranar 19 ga Afrilu, saura kwana goma garin ya faɗi.

Yunwa

A cikin Kut an koma cin dawakai da alfadarai. Turawa sun ci. Indiyawa da yawa sun ƙi, kuma duk wanda ya tashi a inda ba a cin naman doki zai fahimce su. Ga mabiya Hindu abin ƙyama ne da zai iya raba mutum da danginsa idan ya koma gida, Musulmi ma suna ƙyamarsa. Aka aika Indiya aka samo izinin malamai da shugabannin addini cewa lalura ta halatta, amma izinin da ya zo ta bakin hafsan Bature bai gamsar da kowa ba. Da yawansu sai a Afrilu suka fara ci, lokacin jiki ya riga ya lalace, dasashi na zubar da jini, haƙora na girgiɗi. A makonnin ƙarshe rabon burodi ya koma kimanin giram 110 a yini. Mutane suka riƙa tsinko ciyawa suna dafawa, har wani Birgediya Janar Hoghton ya mutu bayan cin irin wannan ganye. Likitoci suka riƙa raba ƙwayar ofiyom don rage raɗaɗin ciki.

Ga kuma nauyin zuciya. Tun Nuwamba 1914 Sarkin Musulmi na Istanbul, Muhammadu Rashad, ya yi kiran jihadi a kan Ingila da Faransa da Rasha, kuma Turkawa sun riƙa jefa takardu cikin ramukan Kut suna kiran Indiyawa su sauya sheƙa. Waɗanda suka tsere kaɗan ne, amma Townshend ya riƙa zarginsu a saƙonninsa. A Basra, cikin Fabrairu 1916, mahaya Musulmi na wata runduna sun ƙi fita yaƙar Turkawa, aka hukunta su. Kiran jihadin ya iso har ƙasarmu ta hannun Sanusiyya, domin a Disamba 1916 Kawusan, jagoran Buzaye, ya yi wa barikin Faransawa ƙawanya a Agadas.

An gwada duk abin da ya rage. Daga tsakiyar Afrilu jiragen sama suka riƙa jefo buhunan gari da sukari da gishiri, karo na farko da aka ciyar da garin da ke cikin ƙawanya ta sama. Abin da ya sauka bai kai tan takwas ba, ga bakin ci kusan 20,000, wasu buhunan ma a kogi ko a hannun Turkawa suka faɗa. Daren 24 ga Afrilu wani jirgin ruwa mai suna Julnar, ɗauke da tan 270 na abinci da 'yan sa-kai, ya yi ƙoƙarin kutsawa. Turkawa sun ɗaura igiyar ƙarfe a faɗin kogin, jirgin ya sarƙe a Magasis, mutanen Kut na hango shi daga saman soraye. Daga ƙarshe Ingila ta yi tayin kuɗi, fam miliyan ɗaya, aka ƙara zuwa miliyan biyu, a saki rundunar bisa alkawarin ba za ta sake yaƙar Turkawa ba. Cikin waɗanda aka tura wajen Halil har da T. E. Lawrence da Aubrey Herbert, hafsoshin leƙen asirin Ingila. Enver Pasha ya ƙi. Abin da aka samu kawai shi ne musayar wasu marasa lafiya. Townshend ya sa aka farfasa igwoginsa, ya ɗaga farar tuta. Mutum kimanin 1,750 na rundunar sun riga sun mutu a cikin garin.

Bayan miƙa wuya

Mutanen Kut ne suka fara ɗanɗana. Ba su gayyaci kowa ba, an ci hatsinsu, an rushe gidajensu don itacen wuta, igwa ta kashe musu mata da yara. Da Turkawa suka shigo suka rataye wasu daga cikin manyan garin da masu tafinta bisa zargin taimakon abokan gaba.

Aka raba hafsoshi da ƙananan sojoji. Hafsoshi suka tafi Bagadaza a jirgin ruwa. Ƙananan aka kora su da ƙafa zuwa Shumran, aka ba su busasshen biskit na sojan Turkiyya mai taurin gaske. Mayunwata suka auka masa ba tare da sun jiƙa ba, ɗaruruwa suka mutu cikin 'yan kwanaki. A farkon Mayu aka tasa ƙeyar sauran cikin zafin rana zuwa Bagadaza, daga nan Samarra da Mosul har Ra'asul Ain, inda aka tara Armeniyawan da aka koro daga garuruwansu aka hallaka da dama. Wanda ya faɗi a hanya an bar shi. Waɗanda suka kai aka sa su fasa dutse a aikin layin dogon Bagadaza. Cikin ƙananan sojojin Turawa 2,592 da aka kama, sama da 1,700 ba su koma gida ba. Cikin Indiyawa kimanin 2,500 ne suka mutu.

Townshend kuwa an kai shi Istanbul cikin girmamawa, aka sauke shi a gida mai kyau a tsibirin Heybeliada, daga baya Buyukada, yana iyo a teku yana karɓar baƙi. Ya samu damar roƙon a mayar masa da karensa Basra, kuma an mayar. Tun yana tsare aka ba shi lambar girma ta Sir. A Oktoba 1918 Turkawa suka sake shi ya kai saƙon neman sulhu, a 1920 ya zama ɗan majalisa, ya mutu a 1924. Wannan tazara tsakanin makomarsa da ta mutanen da suka amince masa ita ta zubar da ƙimarsa, kuma ina ganin ta cancanci ta zubar.

Majalisar Ingila ta kafa kwamitin bincike a 1916, rahotonsa ya fito a Yuni 1917. Ya ɗora mafi girman laifi a kan Nixon, sannan Lord Hardinge gwamnan Indiya da Sir Beauchamp Duff babban kwamandanta, ya kuma tona asirin abin da aka yi wa masu rauni. Austen Chamberlain, sakataren harkokin Indiya, ya yi murabus. Ba a gurfanar da ko mutum ɗaya gaban kotun soja ba.

Gyaran da aka ƙi yi a 1915 shi aka yi bayan an sha kashi. Ma'aikatar yaƙi ta Landan ta karɓe ragama daga Indiya, aka gina tashar jirage a Basra, aka shimfiɗa ƙananan layukan dogo, aka kawo jiragen kogi da asibitoci. Janar Stanley Maude ya ƙi motsawa sai da kayansa suka cika, a Disamba 1916. A nasu ɓangaren Turkawa sun yi sakaci da nasarar: Enver ya kwashe rundunar Ali Ihsan ya tura ta Farisa yaƙar Rashawa, aka bar Kazim Karabekir da ƙarfin da bai isa ba. Maude ya sake kama Kut ranar 24 ga Fabrairu 1917, ya shiga Bagadaza ranar 11 ga Maris, kwalara ta kashe shi a can cikin Nuwamba. Halil Pasha ya rayu har 1957, kuma da aka kafa dokar sunan iyali a Turkiyya a 1934, Kut ya ɗauka.